Inda "Kamar" Ta Gaza

A cikin watan Agusta na shekarar 2023 ne muka sami ɗan sarari daga duba takardun ɗalibai, muka nufi gida Potiskum domin gaida mahaifiya. Daren da muka sauka, bayan an ci tuwo an yi lisha, ana zaune a tsakar gida ƙarƙashin ƙwan sola, sai 'yar yayanmu, wadda a lokacin take shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare, ta fito da littafinta na Fiziks ta durƙusa a gefen tabarmarmu. Ta ce, "Baffa, a tsakiyar littafin nan an ce haske igiya ne, irin igiyar ruwa. A can ƙarshe kuma an ce ƙwayoyi ne. To, wanne ne ƙarya a ciki?" Kafin mu buɗe baki Inna ta riga mu. Ta ce, "Yauwa, tambaye shi. Ai shi ya sa ake ce masa Dakta."

Mai karatu ya san irin wannan tarko. A gidajenmu digirin digirgir ba shi da fanni. Wanda aka kira Dakta, ana sa ran ya san maganin shawara, ya san dalilin tashin dala, ya kuma san ranar da damina za ta ɗauke. Alhali kuwa rabonmu da Fiziks tun tsakiyar shekarun 1990, ranar da wani malami ya dubi sakamakon jarrabawarmu ya ce kanmu ba na lissafi ba ne, muka kwashi littattafanmu muka koma ajin adabi, ba mu ko waiwaya ba. To amma idon mahaifiya yana kanmu, don haka sai muka zaro makamin da muka fi sabawa da shi. Muka gyara murya muka ce wa yarinyar ai haske kamar jemage ne: in ya shiga tsuntsaye ya nuna fukafuki, in ya shiga dabbobi ya nuna haƙora. Ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Baffa, ai malaminmu ya ce jemage dabba ne. Haihuwa yake yi, yana kuma shayarwa." Yayanmu, wanda ya yi shekara talatin yana kwance injin tirela yana ɗaurawa, ya yi dariya har sai da ya ƙware.

Abin da ya hana mu barci a daren nan ba kunyar ba ce kaɗai. Shekara da shekaru muna tsayawa gaban ɗalibai muna koya musu adon harshe kamar yadda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara mana shi: ga kamantawa, ga siffantawa, ga jinsintarwa, ga alamtarwa. Muna faɗa musu cewa da kalmar "kamar" ɗan Adam yake jawo abin da bai sani ba ya ɗaure shi a turken abin da ya sani. Mu kuma 'yan adabi babu abin da muka fi kamantawa da shi irin haske. Ilimi haske ne, gaskiya haske ce, fuskar masoyiya haske ce. Kullum shi muke aika, ba mu taɓa zaunar da shi mun tambaye shi asalinsa ba. Ga shi yau an ce mu kamanta shi da wani abu, mun kawo jemage, yarinya 'yar shekara 16 ta kore shi.

An kwana ana ruwa. Da hantsi muka raka Yaya garejinsa. Duk wanda ya san Potiskum ya san cewa bayan kasuwar shanu da ta hatsi, babu abin da aka san garin da shi kamar manyan motoci. Ruwan daren ya kwanta a ramukan da tayoyin tirela suka tona, a saman kowane kwantaccen ruwa kuma ga wasu launuka suna murɗawa: shuɗi, kore, rawaya, shunayya. Tun muna yara muke tsallake wannan abu. Muka tsaya muka ce wa Yaya, man da ya zuba a nan baƙi ne, ruwan kuma ruwan ƙasa ne, to launin daga ina? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bakan gizon gareji ke nan. Kai dai ka kula da babbar rigarka."

Da muka koma bakin aiki sai muka aro littattafai daga abokan aikinmu na tsangayar kimiyya, waɗanda suka ba mu suna murmushi. Wata huɗu muka yi muna rarrafe a cikinsu. Abu na farko da muka gane shi ne, rabin amsar yarinyar yana kwance a cikin ruwan garejin mahaifinta.

Ga yadda abin yake. Idan mai ya zuba a kan ruwa yakan bazu ya zama wata fata wadda kaurinta bai fi kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Hasken rana idan ya sauka a kanta, wani sashe ya dawo daga saman man, wani kuma ya ratsa ya bugi ruwan da ke ƙasa sannan ya dawo. Na biyun ya yi tafiyar da ta ɗara ta na farko da ɗan kaɗan. Igiya kuwa, duk yaron da ya taɓa jefa dutse a kududdufi ya san tana da tozo tana da kwari. Idan sassan nan biyu suka haɗu, tozo ya hau tozo, sai launin ya ƙara ƙarfi. Idan kuwa tozo ya faɗa cikin kwari, sai su shafe juna, launin ya ɓace. Farin hasken rana gaurayen launuka ne, kowane launi da tsawon igiyarsa: jan haske, a cikin milimita guda akwai igiyoyinsa kimanin 1,400, shunayya kuma kimanin 2,500. Saboda haka inda fatar man ta yi wani kauri sai ja ya mutu shuɗi ya rayu, ɗan gaba kaɗan inda kaurin ya sauya sai akasin haka ta faru. Wato dai a ƙara haske a kan haske a sami duhu. A je kasuwar hatsi ta Potiskum a zuba mudun gero a kan mudun gero, ba za a taɓa ɗaga kwano a tarar da wayam ba. Ƙwaya ba ta shafe ƙwaya, igiya ce ke shafe igiya.

Sai dai kafin duniya ta yarda da wannan an sha gardama. Tun da fari ma gardamar a kan ido aka fara ta. Inna, wadda yana ta fara rufe wa ido, takan ce hasken idonta ya yi rauni, kuma cikin wannan magana tata akwai tsohon ra'ayin wasu masanan Girka, cewa daga ido ne haske yake fita ya lalubo abubuwa. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, shi ne ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, cewa haske daga waje yake shigowa cikin ido, kuma a miƙe yake tafiya. Wannan miƙewar tana daga cikin abin da ya sa Isaac Newton na Ingila, a littafinsa na 1704, ya karkata ga cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne masu gudu kamar harsashi. Hujjarsa mai kama hankali ce: muryar mai tallar fura tana zagayo katanga ta same ka a ɗaki, domin sauti igiya ne, amma hasken fitilarta ba ya zagayowa. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya riga ya faɗa tun 1690 cewa haske igiya ne, amma sunan Newton ya danne nasa kusan shekara ɗari.

Wanda ya ɗaga wannan dutse likita ne, Thomas Young. A nan dole mu ɗan yi ratse, domin mutumin ya ba mu kunya. Baya ga likitanci da Fiziks, masanin harsuna ne, yana cikin waɗanda suka fara warware rubutun Misirawan dauri. Da alama ba a taɓa ce masa ya zaɓi aji ɗaya ba. A 1803 ya huda ƙaramin rami a murfin taga, zaren hasken rana ya shigo ɗaki mai duhu, sai ya gitta siririn yankin kati a tsakiyar zaren. Maimakon inuwa guda ɗaya tsaf, sai ga layukan haske da duhu a jere a cikin inuwar. Da ya tare hasken da ke bi ta gefe ɗaya na katin, layukan suka ɓace. A 1818 kuma Augustin Fresnel ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Faransa lissafin igiyar haske. Ɗaya daga cikin alƙalan, Siméon Poisson, ya duba ya ce in dai wannan lissafi gaskiya ne, to dole a sami ɗigon haske a tsakiyar inuwar abu mai da'ira, wanda a ganinsa shirme ne. François Arago ya je ya gwada, sai ga ɗigon nan ras a tsakiyar inuwa. Daga baya James Clerk Maxwell ya nuna a 1865 cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, Heinrich Hertz na Jamus kuma ya samar da irin waɗannan igiyoyi a ɗakin gwajinsa a 1887. Kowa ya ce magana ta ƙare.

Ashe sauran rabin amsar yana bisa rufin ɗakin Inna. Kamar gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse da yawa a Potiskum, gidanmu ma ya gaji da jiran wuta ya koma ga farantin sola. Inna takan ce zafin rana ne yake ba ta wuta, mu ma da haka muka ɗauka. Ba haka ba ne. Hasali ma, zafin Maris da Afrilu rage wa farantin ƙarfi yake yi. Abin da ke faruwa a cikinsa dangin wani abu ne da shi Hertz ɗin ya ci karo da shi a cikin waɗancan gwaje-gwaje na 1887, aka kuma bi diddiginsa bayansa: idan haske ya bugi wasu ƙarafa yakan fizgo ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. To amma akwai abin ɗaure kai. A wasu ƙarafan, ko an haska musu jan haske mai ƙarfin gaske, ko an kwana ana haskawa, ba abin da zai fito. Amma ɗan dusasshen haske mai gajeriyar igiya, na ɓangaren shunayya, yana taɓa su nan take ilektiron zai fito. Da haske igiya ce kawai, da ƙarfinta ya riƙa taruwa sannu a hankali har ya isa, yadda ruwa ke cin gindin katangar ƙasa.

A 1905 wani ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na ƙasar Siwizalan, Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ya ɗora a kan wani tunani da Max Planck ya kawo a 1900, ya ce haske ƙulli-ƙulli yake zuwa, kuma ƙarfin kowane ƙulli ya danganta ne da launinsa. Ƙulli ɗaya ke fizgo ilektiron ɗaya. In ƙullin bai kai ba, yawansu ba ya amfani. A watsa wa mangwaro buhun rairayi, ko ɗa ɗaya ba zai faɗo ba, amma dutse guda ya wadatar. Masana ba su so wannan magana ba ko kaɗan. Robert Millikan na Amurka ya shafe shekaru yana gwaji da zaton zai rushe ta, a 1916 sakamakon nasa ya fito ya gaskata lissafin Einstein. Kyautar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein, wannan aiki aka ambata a cikinta, ba wanda ya fi shahara da shi ba. A 1923 Arthur Compton ya nuna ƙullin haske yana bangazar ilektiron ya kauce yadda dutse ke bangazar dutse, a 1926 kuma aka raɗa wa ƙullin suna foton. Farantin sola na silikon mai amfani na farko an fito da shi a Amurka a 1954, jikokinsa ne kuma yau suke kan rufin kwanon garinmu suna karɓar ƙullin haske ɗaya bayan ɗaya, bayan kowanne ya yi tafiyar minti 8 da daƙiƙa 20 daga rana.

Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne, shuɗin nan da ake gani a fuskar farantai da yawa ba fenti ba ne. Wata fata ce ake shafawa, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, domin igiyoyin da za su dawo waje su shafe juna, hasken ya shige ciki. Dabarar bakan gizon gareji ce aka ɗora a kan rufi. Ke nan a faranti guda, a fatarsa ana lallashin haske a matsayin igiya, a cikinsa kuma ana karɓarsa a matsayin ƙwaya.

Da muka kawo nan sai muka ce to ai an huta: ƙwayoyi ne masu yawa da suke tafiya a jere suna kaɗawa, kamar garken shanu ranar kasuwa, wanda in ka hango daga nesa sai ka ce ruwa ne ke malala. Wannan kamancen ma bai kwana ba. Tun a 1909 Geoffrey Taylor ya dusashe haske ƙwarai da gaske, ya ɗauki hoton inuwar allura, hoton da ya ɗauki kusan wata uku kafin ya kammala, amma layukan suka fito kamar kullum. A yau ana iya sakin foton ɗaya-ɗaya zuwa ga allo mai tsaga biyu. Kowanne in ya isa bango, a wuri ɗaya tak yake sauka, ɗigo guda, kamar ƙwaya. Ba mai iya faɗin inda na gaba zai sauka. Amma idan ɗigon suka taru dubu bisa dubu, sai ga layukan Young sun bayyana, alhali babu wani foton da ya haɗu da ɗan'uwansa a hanya. In kuwa aka kafa na'urar da za ta gano ta wace tsaga kowanne ya bi, layukan sai su ɓace. A 1986 Alain Aspect da abokan aikinsa biyu a Faransa suka raba wa foton guda hanya biyu. Da suka tsare bakin kowace hanya, a ɗaya kawai ake samunsa, ba a taɓa samun rabinsa nan rabinsa can ba. Da suka sake haɗe hanyoyin, sai sakamakon ya fito irin na abin da ya bi duka biyun.

Mun kwana uku muna neman abin da za mu ce wannan kamarsa ne. Ba saniyar da take bin ƙofa biyu a lokaci guda. Ba ruwan da zai bazu ya cika tafki sannan a je ɗiba a tarar da shi duka a cikin ludayi ɗaya. Har zuciya ta raya mana mu kamanta shi da kanmu, mu 'yan Potiskum da muke Karekare ko Ngizim ko Bolewa a cikin gida, mu fito kasuwa mu zama masu Hausa, ga shi har wasunmu suna cin abinci da koyar da ita. Kamancen yana da daɗin faɗi, kuma mun tabbata da mun kawo shi a taron ƙara wa juna sani da an tafa mana. Amma ƙarya ne. Mutum mai harshe biyu ba abin mamaki ba ne, kowa ya san ta ƙofar da ya shigo. Wannan cuta ce tamu ta 'yan adabi, duk abin da muka gani sai mun mai da shi madubi mun leƙa fuskarmu.

A nan ne kuma muka sami wata 'yar nutsuwa game da harshenmu. Sau da yawa akan ce mana Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba, wai ba ta da kalmomi. To a wannan gaɓa dai ba wanda ya fi wani. Kalmomin da Bature yake amfani da su, ɗaya daga bakin teku ya aro ta, ɗaya kuma daga ƙura. Su ma kamance ne, kuma gurguwar da tamu take yi ita tasu take yi. Masana Fiziks ba a ruɗe suke ba. Lissafinsu yana faɗin yadda layukan za su kasance daidai wa daida, da shi ake ƙera farantin sola da kyamarar wayar da ke aljihunmu. Igiyar tana faɗin inda ya fi yiwuwa a sami hasken, in an same shi kuma ƙulli guda ake samu. Baki ne kawai yake rasa abin kamantawa, domin duk kalmomin ɗan Adam a kan abubuwan da hannu ke iya kamawa aka ƙera su. Ta wani gefen ma kalmarmu ta fi dacewa, tunda malamin Fiziks in zai nuna wa yara yadda wannan kaɗawa take, igiya yake ɗaurewa a jikin taga ya girgiza.

A watan Disamba muka koma Potiskum. Hunturu ya sauka, ƙura ta rufe faranti, har sai an sa yaro ya hau yana gogewa. A kasuwa muka sayi 'yar tocilan nan mai tsinin jan haske da ake rataya wa makulli. Bayan lisha muka kira yarinyar ɗakin Inna, muka ce ta ba mu silin gashi guda. Ta dube mu kamar ta ce Baffa ya fara taɓuwa, amma ta tsinko. Muka huda kwalin sukari, muka gitta silin a bakin hudar muka manne da gam, aka kashe ƙwai. Daga bakin ƙofa muka saita jan hasken a kan silin. A jikin bango, taku huɗu daga inda muke, maimakon ɗigo guda sai ga jeri ya miƙe hagu da dama: ja, duhu, ja, duhu, yana dusashewa a hankali. Yaya, da ya leƙo don ya sake yin dariya, ya shigo ya tsuguna.

Ta daɗe tana kallo, har ta kai yatsa tana ƙirgawa. Can ta ce, "Baffa, to a jarrabawa me zan rubuta?" Muka ce in an tambaye ta wannan na bango ta rubuta igiya, in an tambaye ta na kan rufi ta rubuta ƙwaya, ba kuwa ƙarya a cikin ko ɗaya. Ta ce, "Ai haka malaminmu ya faɗa tun a zangon farko." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Amma shi bai nuna mana ba. A bar mini tocilan?"

Inna, da ke zaune bakin gado, ta ce ita dai jan abu kawai take gani, kuma in mun gama wasan a kunna mata ƙwai, goronta ya faɗi ƙasa. Yarinyar ta miƙa hannu ta danna makunni.